Ba Sai Ka Shiga Intanet Ake Samunka a Cikinta Ba

Akwai wata magana da dattawanmu, har da wasu matasa masu kamun kai, suke yawan yi idan aka taɓo zancen satar bayanan mutane: "Ni ai wannan bai shafe ni ba. Ba na Facebook, ba na TikTok, wayata ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Kuma ni wane ne da wani zai ɓata lokacinsa yana nemana?" Masu wannan magana galibi mutanen kirki ne. Sun ga yadda waya ta raba wasu da kunyarsu, ta kashe aure, ta haɗa zumunci faɗa, sai suka zaɓi su ja jikinsu. Ba na ja da wannan zaɓi nasu, kuma gaskiya ne cewa dattijon da bai taɓa ɗora hotonsa a ko'ina ba ya fi yaron da ke nuna wa duniya ƙofar gidansu kullum rufin asiri. Inda nake neman afuwarsu in saɓa musu shi ne kwanciyar hankalin da suka gina a kan wannan zaɓi, wato zaton cewa wanda bai kai kansa intanet ba babu shi a cikinta, kuma talaka ba shi da abin da za a ɗauka.

Mu fara da lambar wayar irin wannan dattijo, mu kira shi Baba. Shi yana ganin a aljihunsa take. Amma tana cikin wayar 'ya'yansa, da ta surukansa, da ta mai kantin unguwa, da ta ɗan acaɓan da ke kai jikokinsa makaranta, kuma kowannensu ya adana ta da sunan da ya ga dama: "Baba", "Alhaji Mai Shago", "Liman Bayan Asibiti". Yawancin waɗannan wayoyi manya ne, cike da manhajojin da aka ba izinin leƙa jerin lambobi ba tare da an karanta abin da aka amince da shi ba. Manhajar Truecaller, wadda aka kafa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2009, ta shahara a wurinmu ne saboda tana nuna maka sunan baƙuwar lambar da ta kira ka. To daga ina ta san sunan? Daga jama'ar da ke amfani da ita. Shi ya sa mutumin da bai taɓa jin sunan manhajar ba zai kira wani, sunansa ya bayyana, wani lokaci har da sana'arsa da unguwarsa, wani lokaci ma da laƙabin da bai san ana kiransa da shi a bayan idonsa ba. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, NITDA, ta buɗe bincike a kan kamfanin a watan Satumban 2019 saboda irin wannan damuwa. Kamfanin yana da hanyar da mutum zai nemi a cire lambarsa, amma sai wanda ya san an sa shi ne zai nemi a cire shi.

Ga kuma wata hanya da duk mai tura kuɗi ya sani, sai dai ba mu cika tsayawa mu yi tunaninta ba. Idan ka rubuta lambar asusun mutum, kafin ka tura ko sisi banki zai nuna maka cikakken sunansa. An yi haka ne don kada kuɗi su tafi inda ba a nufa ba, kuma tsari ne mai kyau. Amma a manhajoji irin su OPay da PalmPay, lambar asusu ita ce lambar wayar mutum idan an cire sifirin farko. Ke nan lambar da aka rubuta a jikin Keke Napep, ko a bangon shago, ko a ƙasan katin ɗaurin aure, tana iya kai baƙo ga sunan yanka da na mahaifi ba tare da ya tambayi kowa ba.

Katin ɗaurin aure ma abin dubawa ne. A da ana buga ɗari biyu ko uku a raba wa waɗanda aka sani. Yanzu ɗaukar hotonsa ake yi a watsa a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook: sunan iyayen ango da na amarya, adireshin gida har da kwatance, rana da lokacin da gidan zai cika da baƙi, da lambobin mutum uku ko huɗu na neman ƙarin bayani. Sanarwar rasuwa ta fi wannan zurfi, domin ana lissafa matan mamaci da yawan 'ya'yansa da wuraren aikin manyansu. Yaro ya ci jarrabawa, yayansa ya ɗora takardar JAMB ɗin gaba ɗaya, da hoto da lambar rajista, yana neman a taya su murna. Hajiya za ta tafi Umara, 'yarta ta ɗora hoton fasfo da biza tana roƙon addu'a. Mara lafiya yana kwance a asibiti, masu neman masa taimako suka ɗora hotonsa a kan gado, da katin asibiti, da sunan cutar, da lambar asusun ɗan'uwansa. Amaryar da ba ta fita ko ƙofar gida sai da mayafi, mai kwalliya ko mai ɗaukar hoto ya mayar da fuskarta tallar sana'arsa a Instagram. A cikin duk waɗannan babu wanda ya yi da mugun nufi. Ƙauna ce, da zumunci, da neman albarka, da neman abinci. Kuma a cikinsu babu inda mai bayanin ya taɓa waya da hannunsa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, sai dai a nan ɗan garin bai ma san an ci da shi ba.

Kada a ɗauka wannan halin namu ne mu kaɗai. Badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 a kan wannan tushe ta tsaya. Mutum kimanin 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87, domin manhajar ta bi ta kan abokansu ma. A watan Afrilun 2018, shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya amsa a gaban majalisar dokokin Amurka cewa suna tattara wasu bayanai har na mutanen da ba su da shafi a wurinsu, ya ce dalilan tsaro ne. Idan mai gidan da kansa ya faɗi haka, ban ga abin da ya rage na musu ba.

Ko da a ce dangin mutum duk sun kame, akwai hukuma, kuma ita ba a ce mata a'a. Tun Fabrairun 2014 aka fara rajistar BVN, wadda ta ɗauki hoton yatsu da na fuska da ranar haihuwar duk mai asusun banki. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira saboda ba a haɗa su ba. Wayar nan mai tocila, idan har tana kira, to layinta yana ɗaure da suna da hoto da adireshin mai ita a cikin wata kwamfuta. Kafin ƙarshen 2023 waɗanda suka yi rajistar NIN sun haura miliyan 100, kuma Kano ce ta biyu a yawa bayan Legas. A Nuwamban 2022 hukumar zaɓe ta INEC ta baje rajistar masu zaɓe, mutum sama da miliyan 93, a shafinta na intanet domin jama'a su duba su yi ƙorafi. Da yawa muna tuna yadda aka riƙa yawo da hotunan yara ƙanana da aka gano a cikinta. Aikin ya yi amfani ta wannan fuskar. Amma ya nuna cewa tsohuwar da ke ƙauyen da ko sabis babu, matuƙar ta yi katin zaɓe, sunanta da hotonta sun hau intanet a wannan lokacin.

Wani zai ce ai wannan a hannun gwamnati yake, a killace. Haka ya kamata ya kasance. A watan Maris na 2024, 'yan jaridar cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ suka bankaɗo wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 200. Bayan wata uku, ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wani mai suna AnyVerify da ke yin irin wannan ciniki a kan naira 100, kuma don ta nuna abin ba wasa ba ne ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa da kansa, Bosun Tijani. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuka. Ni ba na cikin masu gardamar ko fasawa aka yi ko ta hannun dillalai masu lasisi abin ya zurara. Ga wanda aka sayar da hotonsa da ranar haihuwarsa a kan kuɗin da bai kai na ƙosan karin kumallo ba, duk ɗaya ne.

Yanzu sai ɓangare na biyu na maganar, wanda ya fi ƙarfi a zukatan mutane: "Ni talaka ne, me za a samu a wurina?" A nan ne nake ganin an fi yin nisa da gaskiya. Mai damfara ba lallai kuɗinka yake so ba, sunanka yake so. Yana buƙatar asusun da zai karɓi kuɗin sata wanda ba sunansa a kai, da layin da zai kira iyalan wanda aka sace wanda ba hotonsa a kai. Sunan attajiri yana da wuyar taɓawa, yana da lauya, yana da manajan banki mai ɗaukar wayarsa. Sunan mai faci ko mai sayar da itace kuwa ba mai lura, kuma shi kansa ba zai sani ba sai ranar da jami'an tsaro suka yi sallama a ƙofar gidansa. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa akwai dubban matasa da ke bin mutane suna karɓar bayanan NIN da BVN ɗinsu a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kimanin naira 5,000, a buɗe asusun damfara da su. Wa ake samu ya sayar da lambarsa a kan naira dubu biyu? Ba mai kuɗi ba. Haka nan saƙonnin "tallafin gwamnati" da ke yawo a WhatsApp, masu cewa a cike fom a sa BVN kafin a rufe gobe, da talaka aka auna su. Sau da yawa ma ɗa ne yake cike wa mahaifiyarsa da ta kakarsa, yana ganin alheri yake jawo musu.

Manhajojin ba da bashi na waya sun ƙara fito da abin fili. Yaro ya ci bashin naira dubu goma, manhajar ta kwashe duk lambobin da ke wayarsa, ranar biya ta wuce, sai kawunsa da limamin unguwarsu da surukinsa suka wayi gari da saƙon cewa wane ɓarawo ne, wasu ma a ce su ne suka tsaya masa. Su ba su ci bashi ba, ba su san manhajar ba, amma ga lambarsu da sunansu a hannun mai karɓar bashi. NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a Agustan 2021 saboda irin wannan aiki, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. An samu sauƙi, amma abin da aka riga aka kwasa ba a dawo da shi ba.

Akwai amsa mai ma'ana da na sha ji daga masu wancan ra'ayi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Sukan ce: "To sai me? Sunana ba sirri ba ne. Unguwarmu kowa ya san gidana, ya san 'ya'yana, ya san sana'ata. Mu ba Turawa ba ne da maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba." Wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma sanin unguwa yana da ƙa'idojinsa. Wanda ya san ka, kai ma ka san shi, ka san ubansa. Idan ya yi amfani da abin da ya sani ya cuce ka, akwai mai unguwa, akwai dattawa, akwai kunyar haɗuwa a masallaci. Kuma sanin a rarrabe yake: mai chemist ya san ciwonka, mai kanti ya san bashinka, maƙwabci ya san ranar da ka yi tafiya, ba wanda ya haɗa duka. Sannan mutane suna mantuwa. Kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta jin kunya, kuma babban aikinta shi ne haɗa abin da yake a warwatse.

Wannan haɗawar ita ce asalin haɗarin, kuma an daɗe da tabbatar da ita. A shekarun 1990 jihar Massachusetts ta Amurka ta saki bayanan asibiti na ma'aikatanta ga masu bincike bayan ta goge sunaye da adireshi, gwamnan jihar na lokacin, William Weld, ya ba jama'a tabbacin cewa ba za a gane kowa ba. Wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge, inda gwamnan yake zaune, a kan dala 20. Mutum shida ne a birnin suke da ranar haihuwa irin tasa, uku daga cikinsu maza, ɗaya ne kacal yake zaune a shiyyarsa. Ta zaro takardun asibitin gwamnan ta aika masa ofis. Daga baya ta lissafa cewa abu uku kawai, ranar haihuwa da jinsi da lambar shiyyar gidan waya, sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta fasa ƙofar kowa ba. Takardu biyu ta ajiye gefe da gefe, kowacce a karan kanta ba ta da wata illa. Mu kuwa namu takardun sun fi biyu: katin biki ya ba da adireshi, manhajar banki ta ba da cikakken suna, sanarwar rasuwa ta ba da dangi, gaisuwar zagayowar ranar haihuwa da jika ya yi wa kakansa ta ba da rana da wata da shekara.

Da waɗannan ne ake kiran dattijo da rana tsaka, a gaishe shi da ladabi, a ambaci sunansa uku, a faɗa masa ranar haihuwarsa da sunan bankinsa, a ce za a rufe asusunsa idan bai karanto lambobin da suka shigo wayarsa yanzu ba. A nan ne imaninsa cewa babu shi a intanet yake zama makami a hannun mai kiran. Yaron da ya saba da waya ya san kowa zai iya samun waɗannan bayanai, sai ya kashe kiran. Baba kuwa lissafinsa shi ne, tunda ni ban ba kowa ba, wanda ya san wannan lallai daga banki yake. Sai ya karanta. A yankunan da satar mutane ta addaba kuwa, a Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ake nufi da a san cewa wane yana da ɗa a Abuja ko ya sayar da gona ba. Har yanzu masu kai rahoto na cikin gari su ne babbar hanyar 'yan bindiga, ba na so in ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Amma ba dalilin da zai sa mu riƙa sauƙaƙa musu aiki da hannunmu.

Ba ina cewa a tsorata a jefar da waya ba, ba kuma ina cewa tunda an riga an samu komai a saki jiki ba. Wannan na biyun shi ne ramin da ke jiran wanda ya fito daga na farko, kuma shi ma kuskure ne, domin bayani yana tsufa, lamba tana canzawa, kuma duk abin da ba a ƙara ba ragi ne. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar NDPC mai kula da ita. Dokar ta ba mutum damar tambayar kamfani abin da ya ajiye a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ya kai ƙara idan an ƙi, kuma tarar babban kamfani tana iya kaiwa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya yana cikin dalilan. Doka tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu sanin cewa da su take, musamman a Arewa, inda ba kasafai ake bayaninta da Hausa a rediyo ba. Wannan aikin hukumar ne, kuma tana da bashinsa a wuyanta.

Sauran aikin kuwa yana kanmu, mu masu manyan wayoyi, domin ta hannunmu iyayenmu suka shiga inda ba su nema ba. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma ɗauki abin da aka ba ka ajiya a matsayin amana, lambar wayar surukarka da hoton fasfon mahaifiyarka suna ciki. Kafin ka ɗora takardar wani, ka tambaye shi, ka rufe lambobin da ke jiki. Kafin ka ba wata manhaja izinin shiga jerin lambobinka, ka tuna mutum ɗari nawa ne a ciki da ba su ba ka wannan izini ba. Idan ka kai takardu shagon kwamfuta aka ɗauki hotonsu, ka tsaya a goge a gabanka. Ka sa wa layin Baba lambar sirri, domin wanda ya tsinci wayar yana iya ciro BVN ɗinsa da 'yan lambobi kaɗan. Sannan a daren yau, bayan sallar isha'i, ka zauna da shi ka faɗa masa a fili cewa baƙo yana iya sanin sunansa uku da ranar haihuwarsa da bankinsa ba tare da ya taɓa aiki a banki ba, kuma babu ma'aikacin bankin da ke neman a karanto masa lambar da ta shigo waya.